Ranar da Na Saci Makullin Bunsuru

Ku gyara zama, 'ya'yana. Na ga abin da kuka rubuta a ƙasan labarina na makon jiya. Wadda ta ce wai tsohuwa mai shekara hamsin da takwas ta rasa abin yi sai soyayya, na gode mata, Allah ya kai ta shekaruna da haƙoranta cif a baki. Amma yau ba faɗa na zo yi muku ba. Laifi na zo faɗa, kuma nawa ne ni kaɗai. Ni da nake yi wa yaran unguwa kallo ɗaya su nutsu, ni ce na aikata abin da ko 'yar shekara goma ta yi sai na ja mata kunne.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga ni a taƙaice. Ɗinki ne sana'ata, labule da rigunan kujeru. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. 'Ya ɗaya Allah ya ba ni, ta yi karatun shari'a, har sunanta ya ɓace a gida, kowa Lauya yake ce mata, ni ma haka. Sai yayana, wanda tun rasuwar mahaifinmu shi ne ubana. Shekararsa saba'in, arba'in daga ciki ya yi su yana gyaran babur. Har gobe Auta yake kirana, ko a gaban wa.

Sai kuma Mai Lemo.

Kar ku yi mini wannan murmushin, ina ganinku.

Shi ke kula da gonar lemo ta yayarsa, a kan wani tudu a bayan gari. Gonar da duk abin da ke cikinta da sunanta suke a takarda, shi ya sa kowa Mai Gona yake ce mata, har shi ƙanin nata. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun yi aure. Ranar da ya fara shigowa shagona, wata baƙar raga ce a hannunsa, igiyarta ta tsinke.

Na ce, "Malam, nan ba a gyaran ragar kamun kifi."

Ya ce, "Ƙofar mota ce, Hajiya."

Na cire tabarau na dube shi, na ɗauka zolaya ce. Sai ya zauna a kan bencin baƙi ya yi mini bayani. Wata 'yar motar gona ce da suke da ita, ba irin ta kan kwalta ba. Tayoyinta huɗu masu kauri, kujera biyu, kejin ƙarfe a sama, akwatin kaya a baya. Ma'aikata sun sa mata suna Bunsuru, don babu tudun da ba ta hawa. Ba ta da ƙofar ƙarfe, raga ce ake ja a maƙale a gefe.

Na ce, "To ragar me take tarewa? Sauro?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙafa take tarewa. In motar nan za ta kife, mutum ba ya tsayawa tunani, ƙafa yake fitarwa ya tokare ƙasa. Motar kuwa ta fi sa nauyi. Kejin da aka yi don ya kare kai, shi zai sauka a kan ƙafar. Don Allah ki ɗinka ta kamar ɗanki ne zai zauna a ciki."

Wannan magana ta shige ni. Na sa zaren tamfol, na bi ɗinkin sau uku, allura biyu na karya a kanta. Bayan mako ɗaya ya dawo wai rigar kujera yake so. Bayan wani makon ya dawo wai awon bai yi daidai ba, alhali ni awona bai taɓa kuskure ba. Zuwa na huɗu bai zo da komai ba sai ledar lemo da gumi a goshi. Nan na gane inda aka dosa.

Mutumin nan ko a ƙofar shago yake tsaye, in zai turo saƙo a waya sai ya fara da, "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri." Ina da saƙonninsa ɗari da wani abu, babu wanda bai fara da haka ba. Ina karantawa ina tsaki, ina kuma sake karantawa.

Da maganar ta isa gida, Lauya ta ce, "Umma, ni ba auren na ƙi ba. Mutumin nake so in karanta tukuna." Ko gaishe shi za ta yi, "Malam" take ce masa, a bushe, kamar wanda ya zo karanta mitar wuta. Yaya kuwa cewa ya yi ba zai ce e ko a'a ba sai ya ga mutumin a wurin aikinsa, don a falo kowa mutumin kirki ne. Aka sa ranar Asabar da safe. Ku riƙe wannan: in Yaya ya ce a'a, magana ta mutu. Ban taɓa tsallake maganarsa ba, ba kuma da furfura zan fara ba.

Ranar, sau uku na canza kaya. Na sa leshi ruwan toka, na ga kamar mai zuwa ta'aziyya. Na sa ja, na ga kamar mai neman rigima. Na tsaya a kan koriyar atamfa mai zanen ganye, da mayafi ruwan madara, da 'yan kunnen da rabona da su tun Lauya tana makaranta. Ina fesa turare ta leƙo ɗakin.

"Umma, gona fa za mu, ba ɗaukar hoto ba."

"Fita mini daga ɗaki, marar kunya."

"Kin sa kwalli!"

"Ciwon ido nake yi."

Ta fita tana dariya har da riƙe bango. Ita baƙar doguwar riga ta sa, ta rataya jakar takardunta, wai ko'ina da ita take zuwa. Muka biya muka ɗauki Yaya. Ya sha farar riga mai sitaci, tana ƙara in ya motsa, hula a karkace. Tun a mota yake koya wa Lauya tuƙi, ita da ta shekara tara tana tuƙa kanta.

Gonar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Bishiyoyi layi-layi suna gangarawa har bakin wani rafi, ƙasa a jiƙe don an yi ban ruwa da asuba. A saman tudun akwai babbar rumfa inda ake tara lemo: dogayen tebura, akwatunan roba jibge, sikeli, da wani ɗan ofis mai fanka a gefe. Mata masu tsinkar lemo suna can ƙasa cikin bishiyoyi, ana jin hirarsu. Muna isa na hango Mai Lemo yana sauri ya tuɓe rigar aikinsa. Ya jefa makulli a aljihunta, ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofar rumfa. A ƙarƙashinta sabuwar riga ce shuɗiya, ko layin ninkin shago bai baje ba. Ni kaɗai na ga inda makullin ya shiga. Da ma ban gani ba.

An shimfiɗa mana tabarma, ga shayi, ga burodi, ga ruwan lemo da aka matse a gabanmu. Yaya ya yi tambayoyinsa: rijiya nawa, wa ke gyara injin ban ruwa, me ya kashe bishiyar can ta ƙarshe. Mai Lemo yana amsawa a nutse. Har Yaya ya yi dariya sau biyu. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, an gama.

Sai idon Yaya ya faɗa kan Bunsuru.

Tana tsaye a bakin rumfa, an ɗora mata akwatin lemo shida a baya, biyu-biyu a kan juna, sun haura bakin akwatin kayan. Yaya ya miƙe kamar wanda aka kira. Ya zagaya ta, ya buga taya da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, farar rigar tana shan ƙasa.

Ya ce, "Kai, wannan ai babur ne aka yi wa ƙafa huɗu. Kawo makulli in ji muryarta."

Mai Lemo ya sunkuyar da kai. "Yaya, in tayar maka da ita ka ji. In kana so in sauke kayan in zagaya da kai gonar duka."

"Ban ce ka zagaya da ni ba. Ni amarya ce? Makulli na ce."

"Ka gafarce ni, Yaya. Mutum biyu ne kawai aka yarda su tuƙa ta, ni da direban gona. Mu aka koya wa, sunayenmu ne a takardar inshora. Dokar Mai Gona ce, kuma ko ba dokarta ba, ni ma ba zan bayar ba."

Na ajiye kofin shayina a kan tabarma.

Yaya ya ce, "Ka san shekara nawa na yi a kan babur? Lokacin da nake kwance inji in ɗaure, kai ko keke ba ka iya ba."

"Shi ne abin da nake tsoro, Yaya. Wanda ya saba da babur jikinsa ya riga ya koyi sauke ƙafa. Wannan kuwa in ta karkata, ƙafa a ciki ake barinta, a riƙe sitiyari. Ga kaya sun yi mata tsawo a baya, ga ƙasa a jiƙe. A gangara ba a juya ta a kaikaice, sai a miƙe."

"Au, karatu ma za ka koya mini."

Na dubi Lauya ko za ta sa baki. Tana ɓare lemo a hankali kamar ba ta wurin. Na jawo wayata a ƙarƙashin mayafi, na rubuta da yatsa ɗaya: "Ka ba shi don Allah. Zagaye ɗaya ne. Za ka ɓata komai."

Na ga ya duba wayarsa. Ya juya baya kaɗan yana dannawa. Saƙo ya shigo:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Gara ya hana ni ke yana tafiya da ƙafafunsa biyu."

Ku ji fa. A irin wannan lokacin ma sai da ya gaishe ni.

Nan Lauya ta goge hannu ta miƙe. "Malam, takardun da ka ambata, zan iya ganinsu?" Ya ce suna ofis. Suka shiga tare, aka bar ni da Yaya da hucinsa.

Ya kakkaɓe rigarsa. "Auta, ɗauki jakarki."

"Yaya, shayinka bai ƙare ba."

"Na ƙoshi. Mutumin da ya kunyata ni a gaban 'yata a kan makulli, shi zan ɗauki ƙanwata in ba? Tun bai samu ba ke nan. Tana fitowa mu tafi."

'Ya'yana, bakina cike yake da maganganun manya, kowa ya sani, ko kuka yaro yake yi ina da wadda zan jefa masa. Ranar ko ɗaya ba ta zo mini ba. Abin da ya zo mini shi ne ɗakina da yamma, in na rufe shago: kujera ɗaya, kofi ɗaya, rediyo yana magana shi kaɗai. Shekara goma sha ɗaya. Sai na ce a raina, ai fili ne a nan saman, zagaye ɗaya zai yi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, zuciyarsa ta sauka, kafin su fito an mayar da makulli. Wa zai sani? Kamar injin ba shi da murya. Kun ga yadda son abu yake mayar da babba yaro.

Na tashi. Na je bayan ƙofa. Na sa hannu a aljihun rigar mutum, ni, da hannun nan da nake nuna wa yara hanya da shi.

Na ce, "Ga shi, Yaya. Nan saman kawai. Kar ka gangara."

Fuskarsa ta washe kamar an ba yaro alewa. Bai ma tambayi yadda aka yi na samu ba. Ya haye kujera. Sai na tuna ranar da aka kawo mini ragar nan shago. Na tattara bakin rigarsa na cusa ciki. Na jawo bel na ɗaura masa da kaina, yana ture hannuna.

"Ke, ni jariri ne?"

"In ba a ɗaura ba, ba ta gudu. Haka aka yi ta."

Wannan kam gaskiya na faɗa, Mai Lemo ya taɓa gaya mini. Jin ba ta gudu ya sa ya bari. Hular kwano tana rataye a jikin kejin, na miƙa masa, ya ce ba zai cire hularsa don kwanon miya ba. Na ja ragar na maƙala ta, na ji ta ce ƙyas. Na ja da baya.

Injin ya tashi da ruri. Ya yi gaba a hankali, ya zagaya rumfa lafiya lau, yana ɗaga mini hannu kamar mai neman ƙuri'a. Da ya zo inda ya kamata ya tsaya, sai na ga ya karya kan motar ya nufi layin bishiyoyi.

"Yaya! Yaya, ban ce ƙasa ba!"

Ƙofar ofis ta buɗe da ƙarfi. Ban taɓa sanin mai shekara sittin da uku yana irin wannan gudun ba. Mai Lemo ya wuce ni kamar iska, sabuwar riga tana tashi, takalmi ɗaya ya fita. Yaya ya kai rabin gangara, ya ga ta fi yadda ya zata tsayi, sai ya yi abin da ɗan babur zai yi: ya murɗa sitiyari zai juyo a kaikaice, ya kwantar da jikinsa gefe. Tayoyi biyu na ɓangaren tudu suka rabu da ƙasa. A hankali fa, kamar saniya za ta kwanta.

Mai Lemo yana ihu, "Riƙe sitiyari! Kar ka sauke ƙafa! Ƙafa a ciki, Yaya!"

Ina! Shekara arba'in ba ta jin ihu. Da idona na ga ƙafar Yaya ta harbo waje da dukkan ƙarfinsa. Ta daki raga. Ragar ta kumburo kamar buhu, ta tsaya. Motar ta kwanta a gefenta cikin laka, tim, kejin ƙarfe ya nutse a ƙasa daidai inda ƙafar za ta sauka.

Akwatuna suka watse. Lemo ya bi gangara kamar an buɗe masa ƙofa, ɗari-ɗari yana tsalle. Akwati ɗaya bai fashe ba, ya yi ta mirginawa da nauyinsa, ya wuce wata mai tsinkar lemo da taku ɗaya tak, ya daki gindin bishiya. Matar ta tsaya da kwando a ka, ta kasa ko salati.

Ban san yadda na isa wurin ba, mayafina dai a kan wata bishiya aka samo shi daga baya. Mai Lemo ya riga ya kashe injin. Yaya yana kwance a kaikaice, bel ya riƙe shi, hula ta yi nata wuri, lemo ɗaya ya zauna masa a wuya. Idonsa biyu.

"Yaya, ka yi magana! Ina ke ciwo?"

Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Sitiyarinta ba shi da kyau."

Matan nan suka fashe da dariya, har wadda akwati ya kusa ɗauka. Ni kuka nake yi da dariya a haɗe, kwallin da na ce na ciwon ido ne ya gangaro har haɓa. Aka kwance shi, aka fito da shi ta sama. Ya taka ƙafa ɗaya, ya taka ɗayar. Lafiya. Kafaɗa ce kawai ta bugu, sai farar riga da ta koma kalar gona. Lauya ta ce duk da haka daga nan asibiti za mu, a duba kan da ya ƙi kwanon miya.

Muka koma rumfa. A nan dariya ta ƙare. Lauya ta zauna a bakin tebur, ta buɗe jakar nan da na yi wa tsiya da safe, ta fitar da takarda da biro.

"Dole a rubuta abin da ya faru, Mai Gona za ta nema, masu inshora ma za su nema. Tambaya ɗaya ce babba. Wa ya ba Kawu makulli?"

Kafin in buɗe baki, Mai Lemo ya ce, "Rubuta ni."

Lauya ta ɗago. "Malam, tare muke a ofis."

"Makulli amanata ce. Rubuta ni na bayar kafin mu shiga."

"Ka san abin da kake ɗauka? In na rubuta kai ka miƙa wa wanda ba a koya wa ba, masu inshora za su zame, su ce ba ruwansu. Mai Gona za ta iya raba ka da aikin nan, kuma tana da gaskiya. Baiwar Allah can da akwati ya wuce, da ya same ta, kai da yayarka za a fara kira gaban alƙali, don motar da sunanta take. Ba Kawu kaɗai ba. Ka ji?"

"Na ji. Rubuta."

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Takalminsa ɗaya a ƙafa, ɗaya yana can gangara.

To, akwai wata doka a gidana, Lauya ta tashi a cikinta. Mai laifi ba ya faɗin laifinsa a zaune. Tashi yake yi tsaye, hannu a baya, ya faɗa da bakinsa. Ta fasa kofi, ta tsaya. Ta ɓoye sakamakon jarrabawa, ta tsaya. Ban taɓa ɗaga mata ƙafa ba.

Na ajiye jakata. Na miƙe. Na mayar da hannu baya.

"Ni ce. Na ɗauka a aljihun rigarsa, bai sani ba."

Lauya ta ajiye biro a hankali. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi. Na ga gefen bakinta yana rawa. Sai ta gyara murya, ta kwaikwayi tawa tsaf, ta ce:

"Ɗaga murya, ban ji ba."

'Yar nan! Shekara talatin take jiran ranar nan.

Na ce da ƙarfi, har matan da ke tsintar lemo suka juyo, "Ni na saci makullin!"

"Za ki sake?"

"Ba zan sake ba. Ke kuma za mu koma gida."

Mai Lemo ya ce, "Hajiya, da kin bari..."

Na ce, "Kai kuma rufe mini baki. A kaina za ka fara ƙarya da furfurarka?"

Sai muka ji benci ya yi ƙara. Yaya ne ya miƙe, yana dafe da kafaɗa. Ya yi ƙoƙarin mayar da hannu baya, ciwon ya hana, ya bar ɗaya a gaba.

"Rubuta ni ma. An hana ni a gaban shaidu, an gaya mini dalili, na hau. An ce kar in gangara, na gangara." Ya dubi ƙafarsa ta hagu kamar yau ya fara ganinta. "Ya ce zan sauke ƙafa, na ce ƙarya ne. Wallahi ban san lokacin da ta fita ba. Wa ya ɗinka ragar nan?"

Mai Lemo ya nuna ni da haɓa.

Yaya ya ce, "Hm. Ɓarauniya dai, amma ta iya ɗinki."

Lauya ta rubuta komai yadda ya faru, ba ragi ba ƙari. Ta ce gaskiyar ta fi yi wa Mai Lemo amfani a kan ƙaryar da ya so yi, tunda ya hana a gaban mutane. Amma shi ma da nasa, makullin irin wannan mota ba a barinsa a aljihun riga a ƙusa. Gyaran abin da ya lalace kuma ni da Yaya ne za mu amsa shi a gaban Mai Gona. Muka sa hannu mu uku. Ta sa aka kira matar nan, Yaya ya ba ta haƙuri da bakinsa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Matar ta ce ta yafe, amma don Allah in Baba zai sake tuƙi a gaya mata ta ɗauki hutu.

Da za mu shiga mota, Yaya ya tsaya, ya kira Mai Lemo da hannu.

"Zo nan. Ɗazu ka san in ka hana ni zan hana ka?"

"Na sani, Yaya."

"Ka hana."

"Na hana."

Yaya ya gyaɗa kai ya daɗe. "Mutumin da ya iya ce mini a'a, zai iya da Auta. Na ba ka. Ka turo manyanka." Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya sake juyowa. "Amma ka sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo mai kyau ka riƙa kulle makullin nan. Ɓarauniyar yanzu a gidanka za ta zauna."

Na ja mayafi na rufe fuska, ni da shekaruna. Ta cikin mayafin na ji Lauya tana cewa, "Sai an jima, Baba. A nemo ɗaya takalmin." Baba fa ta ce. Ba Malam ba. Mutumin nan ya tsaya da ƙafa ɗaya a laka yana murmushi kamar an ba shi gonar duka.

A asibiti suka ce kan Yaya lafiya, Lauya ta ce wannan kuma ra'ayin likita ne. Muna hanyar gida, lemo cike da bayan mota, Yaya yana bayyana mana yadda da shi ya ƙera motar da ba ta kife ba, sai wayata ta yi ƙara a cinyata. Na buɗe a ƙarƙashin mayafi.

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na kai wa Mai Gona takardar. Ta karanta sau biyu. Ni ma ba ni da wani babba sai ita, ita za ta zo wurin Yaya ko ta ƙi zuwa. Ta ce kafin nan tana so ta ga matar da ta sa hannu a aljihun ƙaninta. Litinin da safe, a rumfa, ke kaɗai. Ta ce kar a kawo miki kujera."